Tsohuwar A-kori-kura da Baƙin Keken Ɗinki

Duk wanda ya taɓa fita neman tsohuwar a-kori-kura mai shan gas a Jos ya san abin da ke jiransa. Zai tarar da motar da ta haura shekara ashirin tana aiki, fenti ya koɗe, kujerar direba ta lotsa, bayanta duk kurjin buhu da kwando, amma da ya taya sai ya ji "albarka" tun bai rufe baki ba. A gefenta kuma ga motar shiga wadda ba ta kai rabin shekarunta ba, ga sheƙi ga na'urar sanyaya ciki, mai ita ya rage kuɗi har ya gaji, wata da watanni babu mai ɗauka. Wasu kan ce haɗamar dillalai ce kawai. Ni dai a ganina, mai son ya fahimci wannan ciniki ba sai ya je da nisa ba. Ya leƙa ɗakin mahaifiyarsa ko shagon telan unguwarsu, ya dubi baƙin keken ɗinkin nan na ƙafa.

Kowa ya san shi. Singer ne ko Butterfly, kansa ƙarfe ne zalla, yaro ba ya iya ɗaga shi, zanen ruwan zinaren da ke jikinsa ya goge daidai inda yadi yake bi. Da shi aka ɗinka kayan suna da na makaranta, da na Sallah da na Kirsimeti, har ya sauka daga hannun uwa zuwa hannun 'ya. Bukatarsa ɗigon mai ce, da sabuwar allura, da igiyar fata idan ta tsinke. A ɗauke wuta ko a kawo, bai dame shi ba. Ranar da matsi ya sa mai shi ta ce za ta sayar, kafin la'asar an sami mai saye, kuma da daraja. Sabon keken lantarki mai jikin roba ya fi shi kyau, ya fi shi sauri, yana fitar da ado iri-iri, amma ran da wani abu ya ƙone a cikinsa sai a lulluɓe shi da zane a tura ƙarƙashin gado. Abu uku ne suka riƙe wa baƙin keke darajarsa: yana ciyar da gida, an yi shi da ƙarfen da ke jure shekaru, kuma ana iya gyara shi a unguwa. Su ne kuma suka riƙe darajar tsohuwar a-kori-kura.

Mu fara da ciyar da gida. Jos tana zaune ne a kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200 daga doron teku, kuma sanyin wannan tudu ne ya sa Filato ke noma abin da sauran jihohi ba sa iyawa. Mafi yawan dankalin turawan da ake ci a Najeriya daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da maƙwabtansu yake fitowa. Ga kabeji, ga karas, ga latas da koren wake, ga tumatir da tattasai da ake noman rani da su a bakin tsofaffin ramukan kuza da suka cika da ruwa. Manyan motoci kan yi lodi a Farin Gada, ko a Maikatako, ko a kasuwar Mangu ranar Juma'a, su nufi Kano da Abuja da Legas da Fatakwal. To amma tirela ba ta shiga gona. Tsakanin bakin kunya da bakin kwalta akwai hanyar da duwatsu suka tsaga, wadda da damina take komawa jar laka mai kama taya. A wannan tazara a-kori-kura ke cin abincinta. Da safe ta kai taki, da yamma ta fito da dankali, gobe bulo da siminti, jibi kayan amarya. Kayan gwari kuwa ba ya jiran kowa: tumatirin da aka tsinka yau, in ya kwana biyu a rana ya zama asara. Shi ya sa mai neman irin wannan mota ba ya fara tambayar shekarar da aka ƙera ta, buhu nawa take hawa tudu da shi yake tambaya. Tela ma, ana saura kwana uku Sallah, ba ruwansa da shekarun keke, ɗinkin ya tafi kawai.

Wannan aiki ba yau aka fara shi ba. Tun da kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, a-kori-kura samfurin 404 da 504 suka cika kasuwannin Arewa, kuma an ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Faransa. Daga baya motocin Japan suka karɓe fagen: Toyota Hilux da aka fara fitarwa a 1968, da Land Cruiser samfurin 70 da ta fito a 1984, da Mitsubishi L200, da na Nissan da Isuzu. Gaskiya ne masu shan fetur sun fi yawa a ƙasar nan, domin gwamnati ta shafe shekara da shekaru, har zuwa 2023, tana biyan tallafi a kan fetur alhali ta daɗe da sakin farashin gas. Sai dai inda kaya ya yi nauyi kuma hanya ta yi tudu, masu aikin sun san bambancin.

Bambancin yana cikin yadda injin ke kama wuta. Injin fetur yana gauraya mai da iska ne, filogi ya ƙyasta musu wuta. Injin da Bajamushen nan Rudolf Diesel ya yi nasarar tayarwa a 1897 ba haka yake ba. Iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta har ta koma kusan kashi ɗaya cikin ashirin na girmanta, ta ɗauki zafin da idan nozul ya fesa mai sai ya kama da kansa. Matsin injin fetur kusan rabin wannan ne. Injin da zai jure irin wannan matsi sau dubbai a kowane minti dole a yi masa gangar jiki mai kauri, da fistin da sanduna masu ƙwari. Ga shi ba ya bukatar juyawa da sauri kafin ya ba da ƙarfi, a hankali yake ja, kuma lita ɗaya tana kai shi nesa fiye da inda take kai ɗan'uwansa na fetur. Nauyin da ke sa yaro ya kasa ɗaga kan baƙin keke, shi ne dai nauyin da ke cikin injinan Toyota da makanikai ke kira 2L da 3L da 5L, da 1HZ mai fistin shida na Land Cruiser, da 4D56 na Mitsubishi. An zuba musu ƙarfe fiye da abin da aikin yini ɗaya ke bukata, rarar ce take zama shekaru.

Tudun Jos yana da nasa sharuɗɗan. Iskar sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba, don haka injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa a nan, in aka kwatanta da Legas. Sannan ga sanyin Disamba da Janairu. Ka dubi tsohon direba da asuba a lokacin hunturu: zai murɗa makulli rabi, ya naɗe hannu cikin rigar sanyi, ya zuba wa wata 'yar fitila ido har ta mutu, alamar hita ta ɗumama cikin injin. Sannan ya tayar. Motar ta yi tari, ta fitar da ɗan farin hayaƙi, ƙararta ta daidaita. Ba zai taka ta nan take ba, sai ya zagaya ya duba tayoyi, ya ja igiyar lodi, ya ba baƙin mai lokaci ya zaga ko'ina. In yaron mota ya yi gaggawa, sai ka ji ya ce, "Kai yaro, bar ta ta farka tukuna." A ɗaya ɓangaren kuma tudun yana yi wa mota gata. Babu iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe a Legas da Fatakwal, babu gishirin da Turawa ke watsawa a titi don narkar da ƙanƙara. Tsatsar da ke kama motar Jos galibi daga sakaci ce: lakar damina da aka bari ta kwana a ƙarƙashinta, da takin zamani da ya zube a baya ba a wanke ba.

Sai abu na uku, wanda a wurina ya fi sauran nauyi, wato gyara. Baƙin keke ba don ba ya lalacewa ya daɗe ba. Yana lalacewa, sai dai ƙoshiya da kwarkwaro da allurarsa suna kowace kasuwa, kuma akwai dattijon da da jin ƙararsa zai faɗa maka abin da ke damunsa. Tsohuwar a-kori-kura ma haka. Famfon da ke tura mai zuwa nozul na ƙarfe ne, injin ke juya shi, babu kwamfuta a tsakani. In ta tsaya a hanyar ƙauye saboda iska ta shiga bututun mai, direba zai buɗe gaba, ya sassauta ƙusa ɗaya, ya yi ta danna ɗan famfon da ke kan matatar mai da babban yatsa har kumfa ta ƙare, mai ya fito wanke, ya ɗaure, ta tashi. In abin ya fi ƙarfinsa, garejin Farin Gada na nan, shagunan kayan gyara na Dilimi na nan, sabo da na hannu. Injin da ya gaji ana sauke shi, a sa masa sabon ringi da fistin, a gyara nozul, ya koma bakin aiki. Saboda haka kuɗin da mai saye ke biya ba na motar kaɗai ba ne. Yana sayen ilimin makanikan garin, da yaran da suka shafe shekaru a ƙarƙashin mota suna miƙa wa oga sifana, da tabbacin cewa motarsa ba za ta yi wata guda tana jiran wani ƙarfe daga ƙasar waje ba.

Sababbin injinan gas sun fi ƙarfi, sun fi shiru, sun fi tsabtar hayaƙi, wannan babu musu. Irin waɗanda Toyota ke rubuta wa D-4D a jiki kwamfuta ce ke sarrafa feshin mansu, da matsi mai tsananin gaske, ta ƙofofin da ido da ƙyar yake gani. Irin wannan inji ba ya yafe gurɓataccen mai. Ɗan ruwa a tanki, ko gas da aka gauraya da kananzir a bakin titi, ya isa ya kashe nozul huɗu, kuma kuɗinsu ba wasa ba ne. Man da muka daɗe muna sha kuwa ba abin alfahari ba ne. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoto kan yadda ake shigo wa Afirka ta Yamma da gas mai yawan sinadarin sulfa, a lokacin da dokar Najeriya ta yarda da ninki ɗari uku na abin da Turai ta yarda da shi. Tsohon inji yana haɗiye irin wannan ya wuce, sabo kuwa ya kwanta. Ba mu kaɗai ke da wannan lissafi ba. A Amurka ma manoma da masu jan kaya suna rububin tsofaffin motocin Dodge masu injin Cummins 5.9 da na Ford masu injin 7.3, waɗanda aka ƙera kafin dokokin hayaƙi na 2007 su ƙara wa injin gas na'urori, saboda mutum yana iya gyara su a bayan gidansa.

Akwai kuma abin da ya ƙara hura farashin, wanda ba daga ƙarfen motar yake ba. Mu masu sayen na hannu ne. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano ta yi wuya. A Yunin 2023 aka saki naira, dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwa, 'yar Beljiyam ta fi ƙarfin manomi, kowa ya juyo kan wadda ke gida. Shi kansa gas ya yi tashin gwauron zabo tun 2022, har lita ta wuce naira dubu, amma da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 sai tazarar da ke tsakaninsu ta ragu, ƙarancin shan man injin gas ya sake zama abin lissafi.

A nan ne nake jan hankalin masu cewa mota ta zama kadara kamar fili. Mutum ya sayar da motarsa ninkin abin da ya saya, ya yi ta murna ya ci riba. Ya koma kasuwa da kuɗin mana, ya ga ko za su saya masa irinta. Matar da ta sayar da kekenta ninki uku na kuɗin da aka saya mata shi lokacin aure, ran da ta je neman wani za ta gane ba keken ne ya yi tsada ba, kuɗin ne suka yi arha, ga kuma ɗinkin watannin da ta zauna babu keke ya wuce ta. Ribar keke tana cikin ɗinki, ribar a-kori-kura tana cikin lodi. Abin da za a ce da gaskiya shi ne, darajarta tana zubewa a hankali fiye da ta sauran motoci, kuma tana biyan kuɗin kanta tun tana hannunka.

Ba kuma kowace tsohuwa ce ke da wannan daraja ba, sai wadda aka riƙa da kyau. Mace mai wayo in za ta sayi keke na hannu, da ƙyallenta take zuwa. Ta ninka mai kauri ta bi ta kai, ta sa marar kauri ta bi, sannan ta juya bayan ɗinkin, domin a nan ne zare ke tona asiri. Mai sayen mota ma ya je da makanikensa, kuma ya je da sassafe, kafin a ɗumama injin, don injin da ya gaji da sanyin safiya ake gane shi. Ya dubi hayaƙi: baƙi na nuna mai ba ya ƙonewa daidai, shuɗi na nuna injin na shan baƙin mai, fari da ya ƙi ɗaukewa bayan ta yi zafi yana iya zama ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Ya buɗe murfin baƙin mai tana aiki ya ga ko tana huci da ƙarfi. Ya duba lagireto tun da sanyi ko ruwan na kumfa. Ya kwanta a ƙasa ya bi ƙashin bayanta da fitila, musamman wajen da sifirin ke kamawa, domin a nan lodin da ya wuce kima ke barin tsagewa, a nan kuma mai walda ke ɓoye ta da baƙin fenti. Ya tambayi yaushe aka canja bel ɗin cikin injin, wanda ake so a canja a kusan kowace kilomita 100,000, don in ya tsinke ana tafiya ɓarnar babba ce. Kada ya dogara da lambar da ke agogon mota, ana mayar da ita baya. Sannan takardu, daga na kwastan har na mallaka, ya tabbatar da su kafin ya ba da kafin alƙalami.

Akwai dai inda keke da mota suka raba hanya, kuma wajibi ne a faɗa. Keke in ya lalace yadi kawai yake ɓatawa, mota in ta lalace rai take ci. Duk mai bin hanyar Abuja ya san Hawan Kibo, ya kuma san yawan gidajen da wannan gangara ta sa makoki. Ƙarfin injin gas yana ruɗin mutane: tunda tana ja, sai a ƙara buhu, a ɗora mutane a kan buhunan. Alhali injin ne ke da rarar ƙarfi, birki da taya da sifirin ba su da ita. Haka kuma keke ba ya hayaƙi. Tun 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin injin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji ta huhu. Baƙin hayaƙin da mota ke tirniƙewa da shi a Terminus ko a Katako, mai tallan gyaɗa da ɗan makaranta ne ke shaƙa. Mafi yawansa kuwa gyaran nozul da sabuwar matatar iska sun isa su rage shi, kuma mai motar ne farkon cin riba, domin wannan baƙin hayaƙi mansa ne ke tashi sama bai yi aiki ba.

Don haka kirana ga masu waɗannan motoci shi ne su riƙe su riƙon abin da ke ciyar da iyali. A yi juyen baƙin mai a kusan kowace kilomita 5,000, a tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin matatar mai, a sha mai a gidan man da aka yarda da shi, a wanke laka da taki, a ba birki haƙƙinsa kafin a yi maganar fenti. Ranar sayarwa kuma a faɗi aibin mota, domin Musulunci da Kiristanci duka sun hana ɓoye aibin haja, kuma wanda ka sayar wa iyalinsa zai ɗauka a ciki. Ga iyaye da hukumomi, a daraja yaran da ke koyon gyaran inji, a kuma koya musu aikin sababbin injina masu kwamfuta tun yanzu, domin tsofaffin nan ba a ƙara ƙera irinsu da yawa, wata rana za su ƙare. Kai kuma mai shirin saye, in aiki gare ka na kai taki da fito da amfanin gona, tsohuwar a-kori-kura mai lafiya ta cancanci kuɗinta. In ba ka da lodin da za ka ɗora mata, bar wa mai lodi ya saya.